An Ɗaura Raga a Kan Daɓena

Jiya Talata na hau akori-kura tun da sassafe zuwa cikin gari, karo na huɗu ke nan, don in kai ƙarar daɓena. Na dawo ba takarda ba amsa, amma na dawo da ilimi. Yanzu na san manyan gasannin tanis huɗu ne a duniya, na san wadda ake yi a kan ciyawa da wadda ake yi a kan jar ƙasa a Faransa. Tattasaina kwando goma sha ɗaya kuwa yana jibge a zaure yana ruɓewa. Allah ya saka wa manya da alheri, ba su bar ni na mutu jahila ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Hajo mai daɓe, ta gefen Kurugu. Ban yi boko ba. Matar ɗana Lauratu ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata duk kalmar da ta tausasa ban yafe ba.

Daɓen nan yana bayan gidanmu, bakin hanyar Rogo, a filin da mijina ya mutu ya bar mini. Shekara talatin da ɗaya ke nan duk ƙarshen damina nake tara matan unguwa, mu zuba jar ƙasa da tsakuwa, mu yayyafa ruwan makuba da muka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, mu yi ta dukansa da madaɓi har ya yi ja ya yi sumul kamar bayan tasa. A kansa nake shanya tattasai da kuɓewa. Da shi na raini marayu biyar, ban je ƙofar kowa ba.

To wata biyu da suka wuce sai Mai Girma Uban Ci-gaba, Garkuwan Kwangila, Inuwar Marasa Inuwa, ya zo wucewa a mota mai baƙin gilashi. Ya sa aka tsaya. Ya sauko, ya murza daɓen da takalminsa, ya dubi mutanensa ya ce, "Wallahi sak na Faransa." Ni na ɗauka yabo ne, har na sa aka dama masa fura. Kwana uku sai ga waya an kewaye wurin, an ja layuka da farar ƙasa, an ɗaura raga a tsakiya, an kafa allo. Lauratu ta karanta mini: wai filin raya wasannin matasa. Matasan da na ga suna shiga su uku ne, kowanne da tumbi da furfura, sanye da ɗan guntun farin wando wanda ko a tsakar gidansa namiji mai kunya ba zai fito da shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tukwici.

Aka ajiye mai gadi, Sulle, wanda ni na yanke masa cibiya. Ran da na zo da kwandona ya tare ƙofa yana sunkuyar da kai.

"Inna, ki rufa mini asiri. An ce ba a shiga sai da farin kambas."

"Ni da na daɓe shi da faso a ƙafa?"

"Inna, ni ma ban taɓa shiga ba. Silifas gare ni."

Shi ya sa jiya na sake komawa wancan ofishi da ba zan kama sunansa ba. Na tarar da Ɗanmaliki, mai riƙe wa Mai Girma jaka, da Hammawa mai ajiyar takardu, sun juya wa tebur baya sun fuskanci bidiyo. Kaset ɗin gasar bana ne aka kawo musu daga Kano. Na yi sallama sau uku.

"Baba, samu benci tukuna," in ji Ɗanmaliki, ko waiwaye bai yi ba. "Ana tsakiyar wasa."

Na zauna ina kallo. Turawa biyu ne da ƙwallo ɗaya, kowa ba ya son ta. Wannan ya make ta zuwa wurin wancan, wancan ya maido masa da ita. Nan na gane makarantar da mutanen ofishin nan suka koyi aiki, don haka takardata take yi tsakanin teburansu wata biyu ke nan.

Can gardama ta kaure.

"Kofi ake ƙirgawa, Malam Hammawa," in ji Ɗanmaliki. "Gwanina shekara goma sha biyu yana ɗauka. Naka ya haska shekara uku gwiwa ta kai shi gida."

"Yana ɗauka a ina? A kan ciyawa, kamar tunkiya. Kai shi jar ƙasa ka ga yadda yake zamewa. Nawa a shekara ukun nan ba irin filin da bai ci a kai ba."

"Da aka haɗa su wa ya ci?"

"Ran nan zazzaɓi yake yi."

"Kai ka kai masa magani?"

Suka yi ta yi har aka kira azahar. Da suka gaji sai Hammawa ya juyo. "To Baba, ke ce babba, raba mana gardama. Mai daɗewa ko mai cin ko'ina?"

Na ce, "A cikin su biyun wa ya daɓe filin da yake tsalle a kai?"

Ban jira amsa ba, na ɗora.

"To ni shekara talatin da ɗaya a jar ƙasa, gwiwa ta kama ni ban tafi gida ba, ban taɓa zamewa ba. Kofi ɗaya gare ni, na silba, da shi nake shan koko. Ku sa ni a lissafin, sannan ku ba ni filina."

Ɗanmaliki ya ce maganata tana gaban kwamiti. Na ce a ina kwamitin yake zama? Ya ce a filin, da yamma, in an tashi wasa.

Ina shirin tashi sai na ga a bidiyon an tsaya hutawa, wasu sun fito da tiyo suna fesa wa jar ƙasar ruwa. Ɗanmaliki ya nuna da baki. "Kin ga aikin ilimi. Mu ma daga yau haka za a riƙa yi wa namu. Mai Girma ya sa a kai tanka."

Na ce, "Yaro, daɓe in ya sha ruwa kwana bakwai ba a taka shi."

"Baba, Turawa fa su suka ƙirƙiro wasan nan."

"Su suka ƙirƙiro makuba?"

Ya yi dariya. Na ɗauki mayafina. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Na sauka daga mota da la'asar sakaliya na tarar tankar ta riga ni. Shekara biyu famfon garinmu yana tari ba ya tofarwa, mun aika, mun roƙa, an ce tanka ba ta da taya. Jiya dai ta yi taya. Mata sun jeru jikin waya da bokitai suna kallon ana shayar da ƙasa ruwan da bai taɓa zuwa randarsu ba. Da aka gama sai Mai Girma ya shiga, fari fat tun daga hula har ƙafa. Aka jefo masa ƙwallo. Ya ɗaga abin bugun, ya yi taku uku da gudu, daɓen ya saɓule a ƙarƙashinsa kamar ɓawon dafaffen dankali, ya zauna daɓas. Mutum huɗu suka ɗaga shi. Wandon nan ya koma ja, sak na Faransa. Ba wanda ya yi dariya, mu masu tarbiyya ne. Sai da motarsa ta wuce gada.

Ni kam ban yi ba ko a lokacin. Aikin hannuna ne ya zama kwatami, ga ramuka, ga sawun tanka ta gefe.

Yau da hantsi sai ga Ɗanmaliki a ƙofar gida, ya cire takalmi ya tsuguna. Jiya Baba ce ni, yau na zama Hajiya, ban ko ga jirgi ba.

"Hajiya, an tashi lafiya? Ya gajiyar hanya? Ya jikoki?"

"Tattasai ya fi su buƙatar gaisuwa. Kwando huɗu ya mutu."

"Allah ya mayar da alheri. Dama Mai Girma ne ya ce a gyara filin. Ɗan kwangila ya duba ya ce bai san kansa ba. Daga Ƙaraye har Rogo duk wanda muka tambaya ke yake nunawa."

Na ce a cire waya, a kwance raga, a rubuta cewa filin nawa ne. Ya ce ai in an kwance raga ba filin tanis ke nan. Na ce ka fara ganewa. Ya ce wannan sai kwamiti.

Na dubi kwando bakwai ɗin da suka rage a zaure. Kwamiti ba ya ruɓewa, tattasai yana yi. Na ce to zan gyara, amma ya sani daɓe ba ya kamawa sai an shanya masa tattasai kwana arba'in, ba mai taka shi sai mai shanyar.

Ya zaro ido. "Turawa ma haka suke yi?"

"Me kake tsammani ya sa nasu ja?"

Ya ciro biro ya rubuta. Yanzu haka Sulle yana taya ni baza tattasai a gefen da ruwa bai kai ba, da silifas ɗinsa. Bayan arba'in kuma akwai kuɓewa, ita ce ke hana tsagewa. Filina dai ina nan ina nema, da takarda da sa hannu, kuma madaɓina ba zai huta ba sai wayar nan ta faɗi.

Lauratu ta ajiye biro ta ce, "Inna, in wannan ya fito a jarida ai asiri ya tonu." Na ce rubuta, 'yar nan. Mutanen da takardata ta yi wata biyu a gaban hancinsu ba su buɗe ba, su ne za su karanta shafi na tara?