Albasar Tsoho Ta Ƙi Zuwa Kotonu

A rumfar albasa ta kasuwar Malanville, a ƙasar Benin, Karimatu ta iske kakanta, Malam Oumarou, yana hararar wayarsa. Buhunan da ya kwaso daga Garou na jibge a rana. Harouna, mai sayensu a Kotonu, ya ce sai ya ga bidiyon kayan kafin kamyonsa, babbar motar kaya, ya tashi da la'asar, in ba haka ba albasar wani za a loda.

"…gajiya ta bi lahiya, mijina. Wa ya taɓa min kai?" in ji Karimatu, cikin wasan jika da kaka.

"Ke mana! Tun da kika taɓa wayar nan jiya ta lalace. Sau biyar ina tura bidiyon, sai ya kusa kaiwa ya koma farko. Mi Sabiru ya ba ki?"

Sabiru shi ne mai rumfar da ke kallon tasu.

"Ya ce in rabu da tsoho, in zo ga mai haƙora."

"Na sani! Ɓarawon gida ya fi ƙarfin kare."

Ta karɓi wayar ta duba. Bidiyon minti arba'in ne.

"Kaka, albasa ka ɗauka ko bikin sunanta? Kowace ɗaya sai da ka gaishe ta!"

"Mai kaya mai kyau ba ya ɓoyo."

"Giwa ba ta shiga kwalekwale."

Ta yanke bidiyon gida huɗu. Sannan ta ga wayar ta tsallake gulbi ta kama rezon Gaya, wato layin wayar Nijar, ta maido da ita na wannan gaɓa. Ta tura kashi na farko, ta miƙa masa. Da'irar da ke nuna tafiyar saƙon ta fara cika, ta kai rabi, ta mutu.

"Kin gani? Lakkwal ɗin banza! Da awaki na saya da kuɗin karatunki da na huta."

Wannan karon Karimatu ma ta tsargu. Ta sake turawa ta miƙa masa, amma ba ta kalli wayar ba, hannun tsohon ta sa wa ido. Da'irar na rage gudu, sai babban yatsansa ya sauka tsakiyarta, daidai alamar sokewa.

"Kaka, mi kake dannawa?"

"Tsunkulinta nake. Jaki in ya yi nawa, ba a zungurinsa?"

"Kai ne Sabirun! Duk tsunkuli ɗaya, kashe ta kake."

"Sharri! Ni da kayana?"

"To zauna bisa hannuwanka."

Ya zauna a kansu yana gunaguni, idonsa kan rumfar Sabiru. Kashi huɗun suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Ba a kira la'asar ba Harouna ya bugo: a loda.

Tsoho ya zaro hannun, ya daɗe yana duban yatsan.

"Shekara saba'in ina ciyar da kai, ashe ɗan Sabiru ne."

Ya fashe da dariya, ya tura mata kwandon albasa da ƙafa.

"Ɗauki. Da hannu ba zan ba ki ba, kar ya soke."