Tantan Ko 'Yar Katafila: Yadda Za Ka Zaɓa Har Damina Ta Wuce

Ɗan'uwa manomi, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari daga Rano har Kibiya ba wanda zai kai ka sanin motar da ta dace da gona. Ni Malam Nuruddeen na Rurum Sabon Gari na gwada su a gonar da na gada, wadda ke ciyar da gidana shekara da shekaru.

Mataki na 1: Raba kanka da tsohon yayi

Tun da rani ka sayar da shanun huɗarka, domin mai shanu ba ya tunani mai zurfi. Nawa biyu ne, Haliru maƙwabcina ya saye su har da amalanke. Kada ka damu don kuɗinsu ba zai sayi tayar tantan ba. Ai niyya ce gaba. Da matata Sakinatu ta ce, "Malam, to da me za a yi huɗa bana?" sai na ce mata da zamani.

Mataki na 2: San 'yan takararka

Tantan dai ka san ta: ta yi huɗa, ta ja tirelar taki, ta kwaso dawa. 'Yar katafila kuwa ƙaramar mota ce mai cokali a gaba, na fara ganinta wajen masu aikin titi. Tana juyawa a inda take tsaye kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci. Ta ɗebo ƙasar gini, ta cike kwazazzabo, ta kwashe juji. Sai dai ba ta huɗa. Ita kuma tantan ba ta shiga lungunmu. Sau uku na auna da igiya.

Lura: idan ka ji zuciyarka ta karkata ga ɗaya, maza ka tuno aibinta. Gwani ba ya yanke hukunci.

Mataki na 3: Buɗe makaranta a gindin darbejiya

Kullum bayan la'asar ka tara jama'a ka nuna musu bidiyo a waya. Yau ka goyi bayan tantan, gobe ka ƙaryata kanka. Mutane za su gyaɗa kai, su tashi su tafi gyaran gonakinsu.

Mataki na 4: Ƙi zuwa gayya

Wannan shi ne ginshiƙi. Ka san ƙa'idar gayya: ka je wa mutum aiki, ya zo maka. Baba Ishiyaku, ƙanen mahaifina, ya tako har zaure ya ce, "Nuru, ran Asabar gonata za a yi."

Na ce, "Baba, ku ƙara haƙuri da garma, saura kaɗan in hutar da ku duka."

Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya kawo motar lafiya."

Gayya huɗu na ƙi zuwa, kowacce da wannan jawabin.

Mataki na 5: In ruwa ya sauka, kada ka ruɗe

Za ka tarar tantan ta haya tana bin waɗanda suka kama layi tun bazara, masu shanu kuma kowa na ta kansa. Sai ka kira taka gayyar. Sakinatu ta dama kunu ta tuƙa tuwon mutum talatin. Baba Ishiyaku kaɗai ya zo, da garmarsa a kafaɗa da shekarunsa saba'in. Muka yi abin da muka iya har azahar, ya saɓa garmarsa ya tafi. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Mataki na 6: Girbe sakamako

Da kaka ciyawarka za ta fi ta kowa tsawo. Zauna a gida, za a fitar da zakkar hatsi, kuma bana ka cancanta. Ni da na saba fitarwa, Haliru ya kawo mini dami uku a amalanke. Ya yi sallama yana sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, ban ko ja musu igiya ba, da kansu suka tsaya."

Shanuna ne. Sun shigo lungun da tantan ba ta shiga, sun kawo dawar da 'yar katafila ba ta nomawa. Sakinatu ta fito musu da dusa, ta daɗe tana shafa wuyan babban, ba ta dube ni ba.

Sanarwa

Duk wanda ya bi wannan shawara rumbunsa ya kwana wayam, babu ruwana, kada ya zo ƙofata da ƙorafi. Ba ma zai same ni ba. Ran Asabar akwai gayyar gyaran shingen Baba Ishiyaku, kuma tun jiya na je na rubuta sunana, ko da yake ba a rubuta suna.