A Zo A Ɗauke Mana Janar Kafin Asabar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Tsofaffin Shugabanni, Allah ya ƙara maka lafiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne maƙwabcin Janar ɗin nan da ya kafa mana ƙasa, ya yi mulki, sannan ya ajiye da kansa ba wanda ya tura shi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma wallahi na gaji.

Na ɗaya: me ya sa kuka bar shi ya sauka? Mutum yana kan kujera lafiya lau, sojoji na sara masa, ku ce ba ku da igiya ko ɗaya a ofis?

Na biyu: tun da ya tare ya shuka kabeji a layi kamar 'yan fareti. Akuyata ta leƙa duba faretin, ya tsare ta, ya kuma ba ta lauya. Surukina ne lauyan, shi ya sa ta sha kaye.

Na uku, wanda shi ne ainihin kukana: ya kafa mana Kwamitin Rijiya, ya gyara guga, ya tsara layin ɗibar ruwa, da komai ya daidaita sai ya sauka. Na tambaye shi dalili ta kan katanga. Wai ran da ya yi atishawa a fada ministoci suka tafa masa, ran nan ya san in bai tashi ba, ba mai sake gaya masa gaskiya. Daga nan ya miƙa mini mukullin rijiyar na shekara guda.

Ranka ya daɗe, shekarar ta cika, zaɓe ranar Asabar. To amma yanzu jarkata ake fara cikawa. Mai shago yana ce mini Ciyaman. Har uwargida ta daina katse ni in ina magana. Na kawo shawarar ƙarin wa'adi saboda gugan bai gama sabawa da hannuna ba, kowa ya amince, sai Janar. Yana dai ban ruwan kabejinsa yana kallona, ni kuma kunya ta hana ni barci.

Don girman Allah ku mayar da shi fada, ko ku ɗaga katangar. Jiya na yi atishawa a bakin rijiya aka tafa mini, kuma ranka ya daɗe, akwai daɗi.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Maƙwabcin Janar,
Shugaban Kwamitin Rijiya na Wucin Gadi, in Allah ya yarda na dindindin.