Ciwon Bayan Malam Tanko na Salka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da takalmina ya tona mini asiri a bainar jama'a. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in hutar da ku: in kuna neman wawan wannan labari, kada ku wahalar da ido, ga ni nan zaune.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a nan Kontagora. Na ɗan taɓa boko, iyakacina aji huɗu (amma aji huɗun da, wanda nake ganin ya fi digirin yanzu, ko da yake ni kaɗai ke wannan gani). A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ne abin ya faru. An kawo mini dawa daga Kumbashi, na ga 'yan dako suna nawa, na ce su matsa in nuna musu yadda ake ɗaukar buhu a zamaninmu. Na ɗauka kuwa. Sai na ji wani abu ya ce ƙas a gindin bayana. Na ajiye buhun cikin mutunci, na koma gida a sunkuye kamar mai neman allura.

Babu abin da ban yi ba. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar tandar waina. Na shafa man zafi, na sha saƙe-saƙi. Ciwon ya bar baya ya gangaro ƙafar hagu, ta riƙa yin dundum, kamar ta aro.

Abin haushin shi ne, maganin yana cikin dangina. Mijin 'yata ta fari likita ne, kuma ba likitan zazzaɓi ba, mai fiɗar ƙashin baya ne a wani babban asibitin koyarwa. Hajiya, matata, kullum sai ta ce, "Alhaji, ka gaya wa yaron nan mana."

"Suruki?" in ji ni. "Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, sai in tuɓe masa riga? Ya ga tumbina, ya ga shaidar ƙaho? Ita kanta yarinyar ban taɓa kiran sunanta ba, shi ne zan kwanta rub da ciki mijinta yana latsa ni?"

Sai ta ce, "To ƙafar taka ce," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Da babbar salla Likita ya zo gida hutu. Labari ya cika unguwa cewa ya zo da kwamfuta wadda ake ɗorawa a cinya. Nan ilimina na aji huɗu ya motsa. Na ce, ai kwamfuta ta san komai. In an faɗa mata ciwo za ta faɗi magani, kuma ita ba surukar kowa ba ce. Abin da ya rage kawai in samo wanda zan jingina wa ciwon.

Na saka babbar riga da sabon takalmi silifas na fata, na tafi gidan mahaifin Likita da sunan barka da salla. Na tarar mahaifin ya fita. Likita na falo, kwamfutar na kan cinyarsa. Yana ganina ya ajiye ta, ya zube ƙasa ya gaishe ni. Ni kuwa ina amsawa idona na kan na'urar. Wata baƙar aba ce mai murfi kamar akwatin ɗan koli, rabinta talabijin, rabinta tafireta. Muna cikin gaisuwa aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ita ko gezau. Na ce a raina, lalle wannan ta isa.

"Likita," na ce, ina kallon bango, "akwai wani abokina a Salka, Malam Tanko. Bayansa ya matsa masa. Ko za ka tambayar masa wannan abar?"

(Babu wani Tanko. A bakin ƙofa na haife shi, da gemunsa da komai.)

Likita ya ce, "Baba, ai ita ba ta duba marar lafiya. Hotunan aikina nake ajiyewa a ciki, da darasin da nake koya wa ɗalibai. Duba sai da ido da hannu. Amma me ya same shi?"

Na ce buhu ya ɗauka. Kuma don kada a zarge ni, sai na hau Tanko da faɗa. "Tsoho da shi, wai zai burge 'yan dako! Ka san mutanenmu, taurin kai. Na yi masa magana har na gaji."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Likita, kansa a ƙasa. Ya juyo da kwamfutar wajena, ya danna, sai ga ƙashin bayan mutum a jere. Ya nuna mini cewa tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani abu mai taushi kamar gammo. In nauyi ya yi yawa gammon kan fashe, ya tsiyayo ya danne jijiyar da ke gangarawa ƙafa. Ya ce da can sai an yi doguwar tsaga, amma yanzu 'yar ƙaramar kafa ake yi, a leƙa da madubi mai ƙara girman abu, a tsince abin da ya danne jijiyar, a rufe.

Na gyaɗa kai irin na masana. Har na miƙa yatsa na danna wani maɓalli don ya san ni ma na zauna a aji. Sai ga hoton bayan wani bawan Allah a buɗe, ja wur. Na ce, "Innalillahi!" Na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Likita ya yi sauri ya rufe murfin rabi, ya ce, "Baba, wannan mutumin yanzu haka yana gonarsa."

Daga nan ya shiga tambaya. Ciwon na sauka ƙafa? Na ce Tanko ya ce yana sauka. In ya yi tari yana amsawa? Na ce kamar walƙiya, wato in ji Tanko. Sai ya ce, "Takalmi yakan zame daga ƙafarsa ya yi ta tafiya bai sani ba?"

"Haba! Tanko bai lalace haka ba."

"Alhamdu lillahi. Don in ta kai nan, jijiyar ta fara mutuwa. In aka yi jinkiri ƙafar za ta tafi, kuma ba ta dawowa."

Maganar ta doke ni, amma na daure. Na miƙe da kyar ina murmushi, na zura takalmi a bakin ƙofa, na ce ya zauna ba sai ya raka ni ba. Na miƙe titi ina tafiyar ƙasaita, na isa majalisarmu ta gindin darbejiya kusa da masallaci, inda dattawan unguwa suka cika tabarma. Ban ko zauna ba na fara ba su lacca a kan kwamfuta. Na ce ni da kaina na sarrafa ta. Na ga suna kallon ƙasa, na ɗauka girmamawa ce.

Sai ga Likita ya taho da sauri a ƙasa. Ya iso ya tsuguna a gabana, ya miƙo wani abu da hannu biyu, ya ce a hankali, amma ba hankalin da zai hana majalisa ji ba:

"Baba, Malam Tanko ya bar takalminsa a tsakar gidanmu."

Na dubi ƙasa. Ƙafar dama cikin sabon silifas. Ta hagu tsirara, fara fat da ƙura, har da ɗan jini a babban yatsa inda na yi tuntuɓe ban ji ba.

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Alhaji, wane ne kuma Tanko?" Likita, yana nan tsugune, ya ƙara da cewa, "Gobe da safe zan koma. Akwai wuri a mota. In Baba zai taimaka ya shawo mana kansa."

Na shawo kansa. Hajiya ta raka shi.

Ku ji halin yaron kirki: tun daga ranar har aka sallame ni, in zai taɓa ni sai ya ce, "Malam Tanko, a ɗan juya." In ya gama, ya wanke hannu, ya mayar mini da riga, sai ya rusuna ya ce, "Baba, ina wuni?" Aka yi aikin lafiya. Yau da ƙafata nake zuwa kasuwa, buhu kuwa ko na auduga ne sai dai in nuna shi da sanda. Na koyi cewa kunya abu ce mai kyau, amma ba ta taka ƙasa, ƙafa ke takawa.

Da a nan na tsaya da na tsira. Amma bayan mun dawo gida, wata rana da hantsi ina kishingiɗe a ɗakin Hajiya tana dama mini fura, sai bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce, "Kin ga dabara ko? Har yau surukina bai taɓa ganin bayana ba. Na Tanko ya gani."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To ni wanda na yi wa jinya, na yi wa wanka, na zubar wa fo, shi ne mijina. In ba kai ba ne, malam, tashi ka fitar mini daga ɗaki kafin Tanko ya dawo."