Kan da Ya Ƙi Mataji

"...lafiya lau, tsohuwa. Ashe dai kina nan? Na ɗauka zuwa yanzu kin ba mu wuri."

"Sai na ga bayanki tukuna. Shigo, Shagwaɓa, tun daga ƙofa na ji ƙamshin rowarki."

Ina gefe ina guga suka fara. Surukata ce tsohuwar, idonta ya tafi amma bakinta bai je ko'ina ba. Shagwaɓa kuwa jikarta ce, 'yar babbar 'yarta da ta rasu yarinyar na goye. A wurin dangin uba ta tashi, sai bana aiki ya dawo da ita kusa da mu. In suka haɗu nakan rage wutar guga, don na taɓa ƙona riga garin dariya.

"Ina batirin rediyona?"

"Ga shi a leda. Na sayo mai rauni, daidai ƙarfin mai shi."

Tsohuwa ta zura hannu a ledar, ta lalubo batirin, ta sake lalubawa ta fito da wata roba. Ta buɗe murfin ta shinshina, ta kawar da kai.

"Wannan kuma gubar ɓera ce? Ashe da gaske kike za ki gama da ni."

"Wa zai ɓata guba a kanki? Rilaksa ce, ta miƙar da gashi. Tawa ce, ba ni."

Nan na ɗago kai. Ni na raka yarinyar nan asibiti lokacin da man nan ya ƙone mata fatar kai, ƙeyarta ta yi gyambo har tana manne wa matashi. Likita ya ce in ta sake shafawa, wurin ba zai ƙara tsiro ba. Watanni ke nan da ta daina, ga shi yau ta sayo.

"Ba an ce ki bari ba?" in ji tsohuwa.

"Wanda ya ce ba shi ke taje kan ba. Ke kina da ta cewa? Gashinki duka in an tara ba zai cika cokali ba."

"Ni? A zamanina in na tsefe kai, sai an riƙe min jelar kafin in zauna."

"Jelar wa kika aro?"

"Mara kunya. Matso in ji abin da kike ɓoyewa a ɗankwalin nan. Ko sanƙo ne irin na kakanki na can gidan?"

Shagwaɓa ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta zauna a ƙasa gaban kujerar, ta zame ɗankwali. Sai na ji tausayinta ya kama ni. Gindin gashin baƙi ne wuluk, cunkus, a murɗe. Samansa kuma ja-ja ne, sirara kamar tsohuwar tsintsiya, wani wurin ya karye ya bar gurbi.

"Kullum da safe sai na yi kuka," ta ce. "Mataji biyu na karya. In na taje, rabin kan a hannuna yake dawowa. A wurin aiki ko fanka ta kaɗa sai na dafe ɗankwali. Na gaji. Gara in shafa, abin da zai faru ya faru."

"A bushe kike taje shi?" in ji tsohuwa.

"To da me zan taje shi, da addu'a?"

"Kai! Ga takardu har bango, ga kai babu kowa a ciki. Tun yaushe ake sa miki man nan?"

"Tun ina aji ɗaya. Gwaggo ta ce kaina ya fi ƙarfinta. Ni ban taɓa ganin gashina na ainihi ba sai yanzu, kuma ban ga abin so a cikinsa ba."

Tsohuwa ta ce in miƙo ruwa a kofi da man da ke kan taga. Ta jiƙa hannu ta nutsa yatsunta cikin gashin, tana mita.

"Wannan na sama dai ya riga ni mutuwa, almakashi ne maganinsa, kaɗan-kaɗan. Ke kuma zauna daidai, kin cika min ƙafa da nauyi kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Yatsunta suka tsaya a gindin gashin. Ta murza, ta koma bayan kunne ta murza, ta shafa tsakiyar kan a hankali.

"Tsohuwa, kin mutu ne? Ki faɗa min in tashi."

"Gashin mamanki ne," ta ce. "Shi ne sak. Har wannan murɗin na bayan kunne da ba ya kwanciya."

Na kashe guga. Yarinyar ba ta da abin da ta sani na uwarta sai hoto ɗaya, shi ma da mayafi.

"Haka nata yake? Da taurin nan?"

"Ya fi haka. Ita ma ta karya min mataji, ta gudu ƙarƙashin gado. Sai da na gane ba a yi masa faɗa. A jiƙa shi, a ba shi mai, a raba shi gida huɗu, a fara warwarewa da yatsa daga baki ana gangarowa. Kawo hannunki ki ji."

Ta kama hannun jikar ta ɗora a wurin da ta jiƙa. Yatsun suka shige ba gardama. Shagwaɓa ta sake gwadawa, ta kuma sakewa. Can ta tura robar da ƙafa zuwa wajena.

"Anti, ki jefa min wannan a shara."

Tsohuwa ta ci gaba da rabawa tana murɗawa, kanta a sunkuye. A haka har ta kama gida na uku.

"Tsohuwa, ruwan ya isa haka. Har wuyana yake ɗiga, kuma da ɗumi."

"Rufin ɗakin ne ke yoyo."

"Da ranar nan tsaka? Ko gajimare babu."

"To ke ina ruwanki da rufin mutane?"

"Ki dai amsa, gashina ya sa ki kuka don ya fi naki."

Tsohuwa ta goge fuska da bakin zane, ta fashe da dariya har tana tari.

"Na amsa, kin ci. Ya fi nawa, ya fi na zamanina ma. Ki riƙa kawo min shi duk ranar da ba aiki. Ke ko ki zo ko kar ki zo, kan dai nake so."