Rasuwar Doña Casilda, Kan Jirgi Mai Lamba Tara

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Don Eleuterio Choque Huanca, tsohon shugaban makanikai na loko, wato wurin gyaran jiragen ƙasa na garin Chillkani, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Doña Casilda, kan jirgi mai lamba tara. Ta riga mu gidan gaskiya da safiyar ranar bikin San Juan, a tsakiyar sanyin watan Yuni, a kan layin da ta saba kwanciya cikin babbar rumfar gyara, tana da shekara ɗari da shida a duniya. Ba ta yi jinya ba.

Mai sanarwa yana sane da cewa garin nan ya riga ya gano wanda ya kashe ta, kuma ranar Litinin majalisar gari za ta zauna don korar Nélida Ticona, shugabar gidan tarihin jirgin ƙasa, wadda ake kira Licenciada saboda digirinta. Yana roƙon kowa ya karanta takardar nan har ƙasa kafin Litinin ɗin, har da masu duba sunan mamaci kawai su wuce.

An haifi marigayiya a ƙasar waje. Ta iso nan gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, kuma kakan mai sanarwa yana cikin waɗanda suka harhaɗa ta, ba tare da ɗayansu ya iya karanta takardar da ta zo da ita ba. Ta shafe shekara sittin da wani abu tana jan kuza daga ramukan dutse zuwa gangare, ta dawo da fulawa da sukari da surukai. Ba a taɓa nuna mata hawa ta ƙi ba, sai dai ba ta taɓa hawa ba tare da mita ba. Duk wanda ya girma a nan ya san muryarta a kwanar gada: "kash-kash-kash, kash-kash-kash," kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Jiniyarta a dishe take tun tana budurwa, "huuu-uhu," kuma da ita matan garin nan suke sanin lokacin ɗora tukunya.

Ba za a ce ba ta da nata halin ba. Ba ta taɓa ganin farin wanki a kan igiya ta bar shi fari ba. Ta ci kwal ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Ta yi ajalin lama bakwai, dabbobin nan masu kama da ƙaramin raƙumi, da jakin wani fadan coci, kuma har ta koma ga Allah ba ta nuna nadama ba. Da kamfani ya rufe layi aka mai da loko gidan tarihi, ta karɓi sabon aikinta da haƙuri: duk Asabar ta kwashi baƙi masu jan hanci ta kai su gada ta dawo da su, suna ta ɗaukarta hoto ta ɓangaren da ba shi ne mai kyau ba.

Ta rasu ta bar tarago huɗu, da injin ɗaga kaya wanda shi ma jikin nasa sai addu'a, da kyanwoyi shida da aka haifa a akwatin yashinta. Ta bar Saturnino Apaza, wanda ya yi shekara talatin yana iza mata wuta. 'Yan uwanta goma sha ɗaya sun riga ta.

Game da ajalinta, sai an ɗan yi bayani saboda matasa. A loko, muddin akwai ruwa a tukunyar kan jirgi, to tana raye. Ko wutarta a mace take, barci ake cewa tana yi. Wadda za a kai wa masu yanka ƙarfe ce kaɗai ake zubar wa ruwa, kuma ba zubar da ruwa ake kiran abin ba, rufe ido ake cewa. Duk goma sha ɗayan nan Don Eleuterio ne ya rufe musu ido da hannunsa, domin ranar da za a yi aikin kowa a loko ciwon ciki yake kama shi. Ita kuwa Doña Casilda, idan watannin sanyi suka kama, ɗan garwashi ake bar mata a ciki ya kwana, don kada ruwanta ya daskare.

A farkon Yuni masu bincike suka zo daga babban birni. Suka ɗaga kai suka ga rufin katakon da ya sha mai da hayaƙi na shekara ɗari, suka ce daga yau ba wuta a rumfar nan bayan an tashi aiki. Licenciada ta liƙa takarda a ƙofa. A jajiberin San Juan, ranar da sanyi ya fi kowace rana mugunta, kowane gida ya hura wuta a ƙofarsa yadda aka saba, har karnuka sun sami wurin miƙe ƙafa. Doña Casilda ce kaɗai ta kwana ba wuta a duk faɗin Chillkani. Da gari ya waye, ƙanƙara ta riga ta farfasa mata bututun ciki, ta tsaga mata ƙirji ta hagu. Da rana ta taɓa rufin, ruwa ya fara bin ƙarƙashinta. Maganarta ta ƙarshe ita ce "ɗis, ɗis, ɗis."

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Saturnino ya tsaya a ƙofar ofis yana cewa, "Ke Licenciada! Kakanki a nan ya bar yatsu biyu, ke kuma kin zo da biro kin kashe mana uwa. Wannan ne karatun?" Doña Basilia mai abinci a kasuwa kuwa kullum sai ta aiko wa mai sanarwa miyar gyaɗa da saƙo: "Daure ka ci, Don Eleuterio, bawan Allah, an cuce ka." Shi kuma ya daure. Kwana bakwai ya yi yana daurewa, har da neman ƙari.

Takardar da ke ƙofa tana da layi na biyu, wanda garin nan bai samu sukunin karantawa ba. Cewa ya yi a riƙa zubar da ruwan tukunya kowace yamma. Licenciada ba ta tsaya a takarda ba, ta tako da ƙafarta har sau biyu wurin mai sanarwa, wanda take kira maestro, wato malam. Ta ce, "Maestro, don Allah a zubar da ruwan nan. Asabar sai mu sake cika ta, ai ba wani abu ba ne." Ya ce, "To, 'yata, an gama." A jajiberin San Juan ta dawo ta ce, "An zubar kuwa?" Ya dubi idonta ya ce, "Tun jiya."

Bai zubar ba. Ya ɗora hannu a kan famfon, hannun ya ƙi. Sai ya koma gida ya ɗauko barguna uku ya lulluɓa mata, shi da ya yi shekara hamsin da biyu a aikin nan, ya kuma san bargo ba ya ɗumama abin da ba shi da ɗumi. Licenciada ta san wannan tun safiyar da ta ga ruwa a ƙasa, ba ta gaya wa kowa ba. Shekaranjiya ya tare ta a bayan tasha, inda take bi yanzu don gudun bakin mutane, ya tambaye ta dalili. Ta ce, "Ni zan sami wani aikin, maestro. Kai kuwa a garin nan za a binne ka." Tun daga lokacin kunya ta hana miyar gyaɗa wucewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Tarakta za ta ja marigayiya daga rumfar gyara zuwa dandalin tasha, inda aka gina mata dakalin siminti, a shafa mata fentin da ba ta taɓa sawa ba tana raye. Fada zai yi addu'a, sannan a yayyafa wa ƙafafunta barasa da 'yan takardu masu launi kamar yadda aka saba. Ba a buƙatar furanni, kwamitin jana'iza ya riga ya sayi waɗanda za a dasa a bakin hayaƙinta. Ana roƙon Doña Basilia ta aiko a karɓar mata kwanukanta.

Kwamiti ya ware wa Don Eleuterio kujerar direba don rakiyar ƙarshe. Ya gode, amma yana roƙon a zaunar da Licenciada Nélida Ticona a wurin, kuma 'yan majalisa su zo su gani da idonsu. Masu neman wanda ya kashe Doña Casilda za su same shi a bayan gawa, yana tafe a ƙasa, hularsa a hannu.