Rasuwar 'Yar Langar Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya gaji liƙis, ni Gwadabe mai sayar da taki a kasuwar Gaya, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'yar langata ta cin tuwo, fara mai shuɗin baki. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce, ana tsaka da zuba abinci.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ta shigo gidana ne bayan daminar bara, lokacin da gwiwoyina suka gaji da ɗaukata. Na wayi gari ba na iya kai goshina ƙasa. A kan kujerar roba nake salla, a ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffi sa'o'in mahaifina. A asibiti aka ce nauyi ne ya yi wa gwiwa yawa, in rage tuwo, in riƙa tafiya da ƙafa. Ma'aikaciyar ta dunƙule hannunta ta nuna min, ta ce iyakar tuwona ke nan. Na kalli hannun nan ɗan ƙarami kamar na 'yar firamare, na fito. A hanyar gida na sayi langar.

Marigayiya mai gaskiya ce, ba ta san son kai ba. Malmala ɗaya take ɗauka da miya daidai gwargwado, ko ranar suna, ko ranar da na dawo kasuwa ina ganin jiri. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta “ƙwal, ƙwal” idan cokali ya tarar da gindinta ranar shinkafa da wake, sai kuma “kwaram” idan murfi ya hau kanta. Na tsani wannan kwaram ɗin, yau ga shi ina kewarsa.

Ta sha wulaƙanci tare da ni. A unguwarmu magidanta kan fito da abincinsu ƙofar gidan Malam Datti, a haɗa a ci tare. Ranar da na fara ajiye ta tsakanin manyan kwanuka, Malam Datti ya tambaya ko abincin kyanwa aka fito da shi bisa kuskure. Abokina Umara ya ja ni gefe, ya ce in takin ne ya yi kwantai kada in ji kunya, zai aiko da buhun masara. Na yi bayanin gwiwa har bakina ya bushe. A garin nan, mai tumbi in ya rage ci, to ko ciwo ne ko karayar arziki, ba a san na uku ba.

Na ɗora mata buri mai yawa, Allah Ya sani. Na zaci kafin azumi zan koma Gwadaben da ke buga ƙwallo a filin makaranta. Azumi ya zo ya wuce, babbar salla ta zo da namanta. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba: zariyar wandona ta ɗan ƙara tsawo, kuma ina kai wa kasuwa ba tare da na tsaya hutu a gindin darbejiya ba. Sujada kuwa har yanzu da saura. Akwai ranakun da na ji kamar in wurga ta bayan katanga, alhali ita ba ta taɓa yi min alkawarin wata ko rana ba.

Ciwon ajalinta daga cikin gida ya fara. Matan unguwa sun sa mai ɗakina Adawiyya a gaba, wai tana horar da mijinta da yunwa. Gwaggo Hanne ta taso takanas daga Gafasa, ta kalli wuyana, ta fashe da kuka. Adawiyya ba ta da halin canza min kwano don na hana, ba ta kuma iya jure maganar mutane. Sai ta koma danna tuwo da bayan mara. Ta danna, ta ƙara, ta sake dannawa, har malmala uku suka riƙa shigewa inda ɗaya take zama. Ni kuwa na ga ina ƙoshi, na ɗauka cikina ne ya saba, har ina yi wa jama'a albishir. Fenti ya fara ɓarewa, baki ya buɗe, murfi ya daina zama. Ranar Talata aka yi dannawar ƙarshe, gindinta ya tsage. Adawiyya ta kawo min ita riƙe da hannu biyu, miyar kuka na ɗiga, tana hawaye, ta faɗa min komai. Ban yi faɗa ba. Ba ni da ƙarfinsa, kuma na san don ni ta yi.

Marigayiya ta rasu ta bar murfi ɗaya da ba shi da abin rufewa, da cokali, da takalmin tafiya da ya fara cinyewa a dunduniya. Ta bar yayyenta manyan kwanuka uku, waɗanda ban ga alamar jimami a tare da su ba. Ta kuma bar ni, da sauran tumbi mai yawa.

Za a miƙa gawarta ga 'yan gwangwan ranar kasuwa. Ba za a yi zaman makoki ba, domin zama na cikin abin da ya kawo mu nan. Ina karɓar gaisuwa a tafe, bayan sallar asuba, a hanyar Kademi. A hankali nake tafiya, kowa zai cim min. Don Allah kada a kawo sadakar waina ko ƙosai, kada kuma mai gaisuwa ya ce na rame. An riga an sayo magajiyarta, girmansu ɗaya, kuma mun yi magana da Adawiyya.

Sai roƙo na ƙarshe ga ladaninmu. Na ji ya sayo fenti zai rubuta sunana a bayan kujerar nan ta masallaci, don kada yara su riƙa ɗaukewa. Na gode da kulawa. A bar min ita a ƙarshen sahu, ban san ranar da zan rabu da ita ba. Amma don girman Allah kada a rubuta.